Rufaffen Ɗakin Ya Falmata

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, saura kwana goma mu koma lakwal, wato makarantar boko, a shekarar da na cika tara. Rana ta take tsaka, Agadas ta yi tsit, ko kukan jaki ba ka ji, inuwar hasumiyar babban masallaci ma ta tattare a gindinta. Mutanen gidanmu duk sun kwanta. Inna ta jingina da bango barci ya sace ta, kabar da take saƙa tabarma da ita na zube a cinyarta, ƙanena Sidi ya yi matashi da ƙafarta, Gwaggo Tamu kuma, yayar Baba, tana ta jan minshari a ƙarƙashin rumfa. Ni kaɗai ce idona biyu, kuma da niyya. Na mirgino wani tsohon turmi a hankali, na kife shi a ƙarƙashin 'yar tagar ɗakin da ke can ƙuryar gida, ɗakin da aka hana mu ko jingina da ƙofarsa. Tagar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Na hau, na yi ɗage, na liƙa idona. Da farko duhu kawai na gani. Da idona ya saba, sai na ga wasu gajerun abubuwa tsaye a jere, sahu-sahu, kowanne an naɗe shi tun daga ƙasa har sama, kamar gawawwakin da aka tsayar. Bangon da ke bayansu ya yi fari fat, a ƙasansa kuma ga sawun hannu, yatsu biyar-biyar, ɗanye sharaf, ko bushewa bai yi ba. Ina cikin kallo sai na ji sautin, ƙarat, ƙarat, ƙarat, daga cikin bangon, sannan wani huci mai nauyi ya biyo baya. Ban san lokacin da na saki bakin tagar ba. Turmi ya goce, na faɗi na ƙuje gwiwa, na ruga na kwanta bayan Inna. Tabon yana nan a gwiwata har yau.

Gidanmu irin tsofaffin gidajen nan ne na cikin gari, ginin ƙasa, wanda kakan Baba ya gina lokacin da yake madugu yana kai ayari garin Fachi, can cikin hamada. Ɗakunansa sun fi mutanensa yawa. Zaure uku ake wucewa kafin a shigo tsakar gida, kowanne ƙofarsa gajera, sai babba ya sunkuya. Akwai bene guda da matakalarsa ta zaizaye, jemagu suka gaje shi. Akwai rijiyar da aka rufe da itacen goriba tun ba a haife ni ba, da wani ɗaki da aka jibge tsofaffin sirdunan raƙuma da salkunan da suka bushe suka ƙanƙame. A nan muke wasan ɓuya ni da 'yan maƙwabta idan mun gama daka da shara da ɗebo ruwa a famfon bakin titi, kuma ba mu taɓa tashi daga wasan ba sai wani ya fito a guje yana rantsuwa an taɓa masa ƙeya. A zaure na biyu an rataye wani tsohon hoto da wani baƙo ya ɗauka. Mutumin ciki ya ja rawani ya rufe baki da hanci, hoton kuma ya koɗe har ba abin da ya rage sai idanu biyu, ta ko'ina ka bi suna kallonka. Idan aka aike ni sayen cuku ko ganyen shayi, a guje nake ratsa zauren, kaina a ƙasa. Mutumin hoton nan shi ne Sidi Babba, ƙanen kakana, wanda aka sa wa ƙanena sunansa. Shi ne kuma mijin Ya Falmata, mai riƙe da makullin ɗakin ƙurya.

Ya Falmata Babarbariya ce 'yar Fachi. A can Sidi Babba ya auro ta ya kawo ta gidanmu tana yarinya. Lokacin da na san ta, ta zama doguwar tsohuwa siririya, ba ta da yawan magana, makullin nan kullum yana rataye a wuyanta da tsirkiyar fata. Labarin da kowa ya sani shi ne, wata shekara mijinta ya dawo daga ayari, ya sauke kaya, ko hutawa bai yi ba aka ce raƙumansa biyu sun ɓalle a wata rijiya ta kan hanya. Ya kulle ɗakin, ya miƙa mata makulli ya ce, "Riƙe mini, kada a taɓa, kwana uku zan yi." Shi ke nan. Aka bi sawunsa cikin hamadar Tenere, ba shi ba labarinsa, ko takalminsa ba a tsinta ba. Da shekaru suka ja, malamai suka ce a yi masa sadaka ita kuma ta shiga takaba. Aka yi sadakar, ita ta ce ba ta shiga, wa ya ga gawarsa? Danginta sun zo sau biyu su tafi da ita ta ƙi. Ba ta da ɗa ko jika, ta zauna nan shekara talatin da 'yan kai tana jiran mai kwana uku. Mu yara ba wanda ya taɓa gaya mana abin da ke cikin ɗakin. Idan na tambayi Inna ta ce ba ruwana. Idan na tambayi Baba, wanda maɗinki ne a kasuwa kuma mutum mai gudun hayaniya, ya ce, "Amanar mutane ce." Gwaggo Tamu ce kawai ke ba ni abin da nake so. Takan ja tsaki ta ce, "Matar da ta ƙi takaba, ai ita ta san inda mijinta yake."

Gaskiya dai ba ta taɓa yi mini laifin komai ba. Tana da wani gwangwani da ba ya rabo da dabino, kuma duk yaron da ya gaishe ta sai ta ba shi biyu. Sidi kuwa har uku take ba shi. Da yake ba ta iya faɗin sunan mijinta, sai take kiransa Maigida, ta ɗora shi a cinya tana tsokanarsa wai yaushe zai kawo mata cefane. Amma ni Allah ya yi ni da zargi tun ina ƙarama. Idan aka yi shiru da na shigo ɗaki, to da ni ake. Idan maƙwabciya ta kawo mana rumman na garin Timiya, sai na tambayi kaina me take nema a gidanmu. Ga shi kuma ina da baki. A lakwal ba ni da ƙoƙarin lissafi, Mushe, malaminmu, ya sha buga mini allo a ka, amma da an fita shan iska, 'yan mata kan bar wasan gala-gala da carafke su kewaye ni a gindin bishiyar bedi don su ji labarin gidanmu. Har ƙuli-ƙuli ake ba ni. Da muka koma a waccan shekarar na zo da sabon kaya. Gawawwakin da na gani suka zama arba'in, sawun hannun ya zama na jini, hucin nan kuma na ce da kunnena na ji yana kiran sunan mutum. Wata yarinya ta fashe da kuka, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina.

Daga nan na sa wa Ya Falmata ido. Idan muka dawo gida da tsakar rana, na ci tuwo, kowa ya kwanta, sai in yi lamo ina leƙenta ta ƙarƙashin zane. Inna takan ce, "Rana tsaka ba ta mutane ba ce," shi ya sa ba a aiken yaro a lokacin, ba a zubar da ruwan zafi. To a daidai wannan lokacin ne Ya Falmata ke tashi. Takan waiga hagu da dama, ta ɗauki wata tsohuwar tasa, ta fita ƙofar gida. Wata rana na bi ta a sanɗa, na laɓe a zaure, tsoron idanun hoton ma na manta da shi. Na gan ta a tsugune a bakin ƙofa, tana kwasar ƙasa da hannu tana zubawa a tasa, tana haɗawa da busasshen kashin jaki, bakinta na motsi cikin Barbarci. A daidai wurin ne Sidi ke zama da safe yana tuƙa motarsa ta gwangwani, sawun ƙafarsa duk ga shi nan. Ta dawo ta yayyafa ruwa a tasar, ta buɗe ɗakin ƙurya, ta shige ta turo ƙofa. Ba a jima ba na ji ƙarat, ƙarat ɗin nan ya taso. Duk ɗan Agadas ya san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum. Ban ga komai ba bayan wannan, amma a zuciyata na riga na gama shari'a.

Bayan kamar mako biyu Sidi ya kwanta. Zazzaɓi ne mai zafi, irin wanda ke zuwa bayan ruwa ya kwanta a kududdufai. Ya ƙi nono, ya ƙi kunu, a rana ta uku idanunsa suka kakkafe, yana ta sambatu yana kiran "Ya, Ya." Inna na kuka, Gwaggo na ta turare da tofi. Ni ma tsoro ya kama ni na gaske, don ina son Sidi, ni nake goyonsa. Amma ba zan ɓoye ba, tare da tsoron akwai wani abu kuma, wato ni kaɗai na san dalili, kuma ina so a san na sani. Na ja Gwaggo bayan rumbu na zayyana mata komai, tagar, da abubuwan da ke tsaye, da sawun hannu, da ƙasar da ake kwasa a inda Sidi ke wasa. Na ƙara gishiri inda ya kamata da inda bai kamata ba. Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce dama ta daɗe tana faɗa, ta ci mijin fari, yanzu ta juyo kan mai sunansa, ba ga shi har Maigida take ce masa ba? Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ni kuwa na zare tawa ina ji ina gani.

Washegari da hantsi mata suka cika tsakar gidanmu. An aika an kira Baba daga kasuwa, ya shigo da zare maƙale a rigarsa. Ya Falmata na zaune a ƙofar ɗakin kwananta tana tsintar gero.

Gwaggo ta tsaya a kanta ta ce, "Falmata, mi kike yi da ƙasar ƙofar gida?"

Ta ɗago kai ta ce, "Aikina nike yi."

"To buɗe muna ɗakin mu ga aikin."

"Ba a ce in buɗe ba. An ce in riƙe."

Baba ya matso ya durƙusa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Iya, don Allah ki buɗe, kowa ya gani, magana ta mutu. Ni na san abin da ke ciki."

Ta dube shi ta ce, "Musa, in ka shiga ka gani, ba ka barin shi ciki. Na san ka."

Ba wanda ya gane abin da take nufi, sai ma mata suka hau salati, wai ga shi ta faɗa da bakinta akwai wani a ciki. Gwaggo ta ce tunda ta ƙi buɗewa, to ta tsallake yaron. Wannan ita ce al'ada. Wanda ake zargi ya kama kurwar mutum, akan sa shi ya tsallake majinyacin don ya sake shi. Baba ya ce, "Yaya, wannan ba daidai ba ne," amma a hankali ya faɗa, kuma sau ɗaya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Sidi. Ya Falmata ta ajiye faifan geronta, ta karkaɗe zane, ta taso. Ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta ce, "In wannan zai ba Maigida lahiya, ko sau ɗari ne sai in yi." Ta tattare zanenta ta tsallake shi sau uku, ƙafafunta na rawa saboda tsufa, ba wanda ya miƙa mata hannu. A na ukun idonta ya faɗo cikin nawa. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma na ji kamar in nutse. Ta koma ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar gero.

A yammacin ranar Baba ya saɓa Sidi a kafaɗa ya kai shi likita, ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Aka yi masa allurai, aka ƙara masa ruwa, cikin kwana huɗu ya tashi yana neman motarsa ta gwangwani. Warkewarsa ce ta gama kashe Ya Falmata. Ba wanda ya tuna da allura, kowa cewa yake tun da ta tsallake shi ya samu sauƙi. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa gidanmu. Inna ta ware mata kwano da moɗa. Idan ta fito lungu, mata su ja yaransu su shige, wasu har su tofar da yawu. Gwangwanin dabinonta ya zauna a cike, ba mai karɓa. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne Sidi, wanda bai san komai ba, yakan tafi da gudu wurinta a fizgo shi yana kuka. A lakwal kuwa na zama tauraruwa, har 'yan manyan aji na zuwa su ga yarinyar da ta kama mayya.

Muna da wata jar akuya mai taurin kai. Kullum da safe ni ke kai ta bakin gari wurin makiyayi, amma wata Lahadi ta tsinke igiya ta ɓace, Inna ta ce ko rana tsaka ce sai na nemo ta. Na zaga unguwa har na kai wani ɗan lungu da ke bayan gidanmu, wanda ba ya ɓullewa ko'ina, ba mai shigarsa sai mai zubar da toka. Tun kafin in sha kwana na ji shi. Ƙarat, ƙarat, ƙarat, da hucin nan. Na lallaɓa na leƙa. Awaki ne guda biyar, tamu a tsakiya, sun jeru sun kafa kai a gindin bango, suna lasa suna gurzar ƙasar da haƙora, suna huci don daɗi. Bangon ya yi fari, ƙasansa ya rarake sun ci shi ya yi kogo. Na ƙirga ɗakuna da ido, na gane bayan ɗakin ƙurya ne. Na dangwali farin abin da yatsa na sa a harshe. Gishiri ne. A nan tsaye komai ya warware mini. Gajerun mutanen da na gani a naɗe, ai kantun gishiri ne a cikin tabarmin kaba, irin wanda nake gani kullum a kasuwar raƙuma, kayan da Sidi Babba ya sauke ya tafi. Shekara talatin gishirin na jan danshi yana cin bango daga ciki, awaki na ci daga waje. Ƙasa da kashin jaki kuwa, wace 'yar Agadas ce ba ta san kwaɓin yaɓe ba? Tsohuwar nan yaɓe take yi da hannunta, ita kaɗai, a ɓoye, don kada Baba ya ga bangon ya ce a kwashe kayan a rushe ɗakin.

Na ja akuya na koma gida, ban ce uffan ba. Wannan shi ne laifina na gaske, wanda ya fi na farko. Na farkon ina iya cewa ƙuruciya ce da tsoro, amma na biyun da sanina na yi. Sau uku ina zuwa bakin ɗakin Baba in dawo. Ina tuna bulalar Gwaggo, ina tuna matan unguwa da za su ce 'yar Musa maƙaryaciya ce, ina tuna gindin bedi da 'yan matan da ke kewaye ni. Na ce wa kaina gobe. Goben ta yi ta zama gobe har kwana goma sha biyu, ranar da wani ɗan'uwan Ya Falmata ya zo da labarin akwai babbar mota mai zuwa Fachi, ita kuma a wannan karon ba ta ce a'a ba.

Kayanta ƙulli biyu ne kacal. Da safe ta fito ta ciro tsirkiyar daga wuyanta, ta miƙa wa Baba makullin da hannu biyu ta ce, "In ya zo, ka ce mishi na riƙe iyakar iyawata." Baba ya karɓa kansa a sunkuye. Ta ajiye gwangwanin dabino a bakin ƙofar Inna, ta ce na Maigida ne. Ni ina rakuɓe a zaure na biyu, a ƙarƙashin hoton, ina fatan ta wuce ba ta gan ni ba. Ta tsaya ta ɗaga kai ta kalli hoton, sannan ta sunkuyo gare ni ta yi magana yadda ba wanda zai ji. "Rakiya, ɗiyata, ki riƙa korar awaki daga bayan ɗakin nan. Na ga sawunki a lungun." Ta shafa kaina ta fita. Ashe ta san na sani. Ta san kwana goma sha biyu ina riƙe da abin da zai wanke ta, kuma ba ta tona ni ba.

Baba ya rataye makullin a ƙusa bai buɗe ɗakin ba, ina jin kunya ce ta hana shi. Ni kuwa kullum rana tsaka sai in zame in je lungu in kori awaki da tsumagiya, har Inna ta fara zargin ko ni ma an taɓa ni. Amma kora ba ta maye yaɓe. Da damina ta zagayo, wata la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi har ƙoramar Telwa ta cika ta batse, muna zaune a rumfa muka ji rugugi. Bangon bayan ɗakin ƙurya ya zube gaba ɗaya cikin lungu. Da ruwa ya ɗauke unguwa ta taru. Ga kantu nan a jere, wasu sun narke sun zama guntaye, tabarminsu ya ruɓe. A jikin ɓaraguzan kuma ana ganin yaɓe bisa yaɓe, hawa-hawa, kaurinsa ya kai kamu ɗaya, kowane hawa da sawun siraran yatsunta. Ba gawa, ba laya, ba komai. Matan da suka tofar da yawu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo Tamu, wadda ban taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Baba ya ɗauki wani ɓallin yaɓen, ya ɗora tafinsa a kan sawun nata, hawaye na bin gemunsa. A nan gaban kowa na fashe da kuka na faɗi abin da na gani a lungu da ranar da na gan shi. Na zaci zai dake ni, na ma so ya dake ni. Sai ya ce, "Ke yarinya ce, kin yi shiru kwana goma sha biyu. Ni da na san gishiri ne tun ina yaro fa?" Ya ce zai rubuta takarda a kai mata da ayarin kaka. Kafin ayarin ya tashi, wani mai dabino ya zo da labarin ta rasu tun cikin bazara.

Yanzu ni ma na yi furfura, ina koyarwa a wata lakwal da ke sabuwar unguwa. Da na girma na karanta littattafan Turawa na ban tsoro, na tarar duk kayan gidanmu ne a ciki, tsohon gida mai ɗakuna barkatai, ƙofar da ba a buɗewa, hoton da ke bin mutum da ido, mijin da ya ɓace, da baƙuwar matar da kowa ke zargi. Bambancin kawai, nasu da dare abin ke fitowa, namu da rana tsaka. A nasu kuma akan sami dodo a ƙarshe, mu kuwa da bango ya faɗi, ba mu sami kowa ba sai kanmu. Idan na ga ɗalibaina sun kewaye wata mai baki a gindin bishiya, nakan matsa in saurara, in tambaye ta, da idonki kika gani, ko da zuciyarki? An raba gidanmu, an sa siminti da kwano a rabinsa, jemagu sun tashi, yaran yanzu suna ratsa zaure na biyu idonsu a kan waya, ba ruwansu da hoton. Sidi ya zama direba, yana bin hanyar Fachi, ya nemi kabarinta ya samu, yakan tsaya ya yi mata addu'a. Bai tuna fuskarta ba, ya ce dabino uku kawai yake tunawa. Inda ɗakin yake ba a sake gini ba, don magina sun ce ƙasar ta sha gishiri, ba ta riƙe tubali. Duk lokacin da na je gida nakan zaga lungun da tsakar rana, kuma ban taɓa rasa awaki a wurin ba, sun kafa kai suna lasar ƙasa. Har yau ina korarsu.